Sa ƙofar ɗaki a Birnin Kebbi: kafinta, yaran shago ko magini, hannun wa ya fi?

Kafin mai gini ya kai ga ƙofofin ɗakuna, yawanci aljihu ya riga ya yi sanyi. An zuba linta, an yi rufi, filasta da tayil sun ci rabonsu, sai a ɗauka sa ƙofa ɗan ƙaramin aiki ne da kowa zai iya. Amma mafi yawan ƙofofin da ke gogar ƙasa ko ƙin kulluwa a sababbin gidajen Gesse, Badariya da Bayan Kara lafiyarsu ƙalau suka baro shago. Ranar da aka kafa firam ne aka ɓata su.

Masu wannan aiki a garin nan iri uku ne. Akwai kafintan unguwa mai rumfa, wanda ke haɗa firam na katako ya rataya gambu, wato abin da Kanawa ke ce wa ƙyaure. Akwai yaran shagon da ke sayar da ƙofofin kwali, wato haɗaɗɗun ƙofofin kamfani da ke zuwa a cikin kwali, na Cana da na Turkiyya, waɗanda ake saro su daga Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja. Sai magini, wanda a gidaje da dama shi ake bar wa firam ya dasa lokacin da yake filasta. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: ƙwararren kafinta da magini a gefensa, bayan an gama tayil, su suka fi ba da aiki mai ƙarko. Yaran shago na biye musu, muddin bangon ya miƙe. Magini shi kaɗai kuwa bai kamata a bar masa firam ba.

Awo, tun kafin a sayi komai

Mai aikin kirki ba ya faɗin farashi sai ya zo da tef ya auna. Zai auna faɗin ƙofa a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya auna tsayi ta dama da ta hagu, ya ɗauki mafi ƙanƙanta. Ramin da magini ya bari ya kamata ya fi firam da milimita 10 zuwa 20 a faɗi, domin a sami wurin cusa weji, wato guntun katako mai siririn baki, a daidaita. Idan ya fi haka da yawa, cikon siminti ne zai riƙe firam, kuma ciko mai kauri yana tsagewa. Idan ya gaza, sai an sassaƙe bulo.

Kaurin bango ma abin aunawa ne, kuma nan yaran shago suka fi sakaci. Bulo mai inci 6 milimita 150 ne, da filasta gefe biyu yakan kai wajen 175 zuwa 180. Mai inci 9 milimita 225 ne, da filasta ya kai wajen 250. Ƙofar kwali tana zuwa da firam mai faɗin da kamfani ya yanka. Wasu suna da gefen ado mai harshe da ke zurmawa cikin firam, ana iya ja ko turawa ya dace da bango, wasu babu. In aka sa firam ɗin da bai cika kaurin bango ba, gefen adon baya zai tsaya a iska, sai ka ga an cike ramin da farin siminti an shafe da fenti. Wata shida ba ya yi sai ya zube.

Ga wani abu da ake yawan ganowa a makare. Ƙofar da kasuwa ke kira ƙafa 3, wato milimita 900 da tsayin 2100, a ƙofofin kwali galibi awon har da firam ne. Sararin da mutum zai bi ta ciki bai wuce wajen 800 ba. Ta ƙafa 2 da rabi, mai 750, sararinta yana komawa wajen 650. Wannan ya ishi bayan gida, amma duk wanda ya sa ta a ɗakin kwana don ragin kuɗi zai gane kurensa ranar jere, lokacin da dangin amarya suka tsaya da kan gado da kujeru a tsakar gida. Ƙofar ɗakin kwana kada ta gaza 900. In akwai dattijo mai keken guragu a gidan, a tambayi faɗin sararin shiga, ba faɗin firam ba.

Sai tsayin daɓe. Yashi da siminti da tayil suna ɗaga ƙasa da milimita 40 zuwa 60 a yawancin gine-gine. Wanda ya kafa firam kafin tayil ba tare da ya lissafa wannan ba, ƙofarsa za ta gajarce, a dawo ana yanke gindin gambu. In dole ne a kafa kafin tayil, sai a ja layi a bango, mita 1 daga inda saman tayil zai tsaya, a zagaya da shi dukan ɗakuna da tiyon ruwa irin na magina, kowane firam a auna shi daga wannan layi. Kafintan da ya nemi a nuna masa wannan layi, ko ya ja shi da kansa, ya san aikinsa.

Wane gambu, a wane ɗaki

Yanayin Kabi ba ya raga wa katako. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da komai, a Afirilu zafi na haura digiri 40, sannan daga Yuni zuwa Satumba damina ta cika iska da laima. Katako na shan wannan laima ya kumbura, ya sake ta ya tsuke, kuma motsin nan a faɗinsa yake yi, a tsayinsa kusan babu. Shi ya sa gambun da aka rataya cif-cif a watan Janairu yake cijewa a watan Agusta, wanda aka fere a Agusta kuma yake buɗe baki da hunturu har a hango haske. A Yauri da ke bakin Kwara da Zuru mai yawan ruwan sama, kumburin ya fi na Birnin Kebbi da Argungu tsanani.

Gambun katako zalla, na maɗaci ko loko, shi ya fi ƙarko da tare sauti, da sharaɗin katakon ya bushe. Matsalar ita ce katako da yawa ɗanye yake isowa daga kudu, a yanka a haɗa shi cikin mako guda. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa a bakin zarto yana dunƙulewa maimakon ya watse. Gambun da aka haɗa da shi zai murɗe, allunansa su tsage a mahaɗi da hunturun farko. Kafinta mai gaskiya zai ce a saya a jera a inuwa, da ƴan sanduna tsakanin falanki da falanki, ya sha iska makonni kafin a taɓa shi.

Gambun filawud mai rami a ciki, wanda aka fi sani da fulosh, da ɗan'uwansa na HDF, wato matsattsen garin katako, mai zanen alluna, su suka fi yawa saboda sauƙin kuɗi. Fatarsu wajen milimita 3 ce gaba da baya, cikinsu kwali ne mai kama da saƙar zuma ko ƴan guntayen katako, sai siririn katako da ya zagaye gefe. Ga ɗakin kwana da ruwa ba ya zuwa, ba su da laifi. Abu biyu ne dai dole mai sawa ya sani. Na farko, katakon gefen siriri ne, in an fere fiye da milimita 5 zuwa 10 a gefe guda za a kusa isa rami. Na biyu, guntun katakon da aka tanada domin makulli a wasu gambunan gefe ɗaya kawai yake. Ana gane shi da alamar da kamfani ya buga a saman gambu, ko a ƙwanƙwasa a ji inda sauti ya toshe. Wanda ya sa hinji a wannan gefen, ya huda makulli a gefen rami, hannun ƙofar zai riƙa rawa tun makon farko, kuma ba shi da gyara sai an juya gambun.

A bayan gida kuwa kada a sa fulosh, kada a sa MDF, wanda shi ma matsattsen garin katako ne, ko da mai shago ya rantse an lulluɓe shi da leda. Wanka da bokiti, ruwan buta, wankin daɓe, duk a gindin ƙofa suke ƙarewa, kuma MDF in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Nan wurin almini ne ko roba mai kauri. Ita ma robar a kula: in bayan gidan a tsakar gida yake, rana na dukan ƙofar da yamma, mai arha tana lanƙwashewa ta yi fari ta fara karyewa. Almini ya fi dacewa da irin wannan wuri.

Kafa firam

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata maigida ko wakilinsa ya tsaya a kai. Kafin a ɗaga firam na katako, a shafe bayansa da gindin ƙafafunsa da maganin gara, irin su Solignum, shafa biyu, a bari ya sha. Gindin ya fi muhimmanci, domin ta nan katako ke zuƙar laima kuma ta nan gara ke hawa. Baƙin mai da wasu ke shafawa yana ɗan taimakawa a bayan firam, amma yana ratso katako ya ɓata fenti, kuma warinsa na daɗewa a ɗaki. Kada a binne ƙafar katako a cikin daɓe. Ta tsaya a kan tayil ko kan siminti busasshe.

Firam ya zo da sanda a gicciye a ƙasa da wata a kusurwar sama, don kada ya karkace a hanya. Ba a cire su sai siminti ya kama. A tsayar da shi a rami, a cusa weji bibbiyu suna fuskantar juna a sama, tsakiya da ƙasa. A fara da ƙafar da hinji zai zauna. A ɗora ma'aunin lebur mai ruwa a fuskarta da kuma gefenta, domin firam na iya miƙewa ta dama da hagu amma ya rusuna gaba. Ma'aunin ya zama dogo, ko a ɗora shi kan miƙaƙƙen almini mai tsayin ƙofa. Ɗan guntu mai tsawon taƙi da wasu yara ke ɗaukowa daga aljihu ba ya nuna komai a tsayin mita 2. Zare mai ƙarfe a ƙarshe, irin na magina, ya fi shi gaskiya nesa ba kusa ba.

Bayan haka gwaji uku. A auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a auna ɗayar. Su zo ɗaya, ko bambancin kada ya wuce milimita 2 ko 3. A auna faɗin ciki sama, tsakiya da ƙasa. Na ukun shi ne wanda ba kasafai ake yi ba: a ɗaure zare biyu a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa a fuskar firam. In suka taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, ƙafafun biyu suna kan layi guda. In akwai rata tsakaninsu, firam ya murɗe, kuma gambun zai riƙa taɓawa a sama ya bar baki a ƙasa, ko akasin haka. Mutane kan ɗora laifin a kan gambu su ce ya lanƙwashe, alhali firam ne.

Riƙon firam iri biyu ne. Tsohon salo shi ne ƙusa mai inci 6 ko guntun ƙarfe mai lanƙwasa, uku a kowane gefe, a sassaƙa bulo a binne su da siminti. Yana da ƙarfi in kwaɓin ya yi kyau, siminti 1 yashi 3, kuma an jiƙa bulon kafin a cika. Sabon salo shi ne a huda firam har cikin bango a sa dogon sukuru da fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a rami, mai kaurin milimita 10 da tsawon 100 zuwa 120, uku ko huɗu a gefe. Wannan ya fi tsabta, amma bulonmu mai rami ne, wani kuma yashinsa ya fi simintinsa yawa, sai fisha ta faɗa rami ta riƙa juyawa. Maganinsa shi ne a cike ramukan bulon da ke gefen ƙofa da kankare tun lokacin gini, ko a nemi layin siminti tsakanin bulo da bulo a huda nan. Kafin a huda kuma a dubi inda makunnin wuta yake. Bututun waya yawanci yana saukowa a miƙe daga sama zuwa makunnin, kusa da firam, kuma injin huda ba ya tambaya.

Yaran shago sun fi son kumfar gwangwani, wadda ake fesawa tsakanin firam da bango ta kumbura ta daskare. Tana da amfani, tana toshe ƙura da sauti. Amma tana da ƙarfin turi. In ba a tokare cikin firam da sanduna uku a gicciye ba kafin a fesa, za ta turo ƙafafun ciki, washegari gambu ya ƙi shiga. A bar sandunan har kwana ɗaya. A ɗan yayyafa wa bangon ruwa kafin fesawa, domin da laima kumfar ke daskarewa, da hunturu kuwa iska ba ta da ita. Kuma kumfa kaɗai ba riƙo ba ce ga gambu mai nauyi. Duk wanda ya ce ba sai an sa sukuru ba, a ce masa ya sa.

Firam na ƙarfe, na mai walda ko na kwali, sai an cike bayansa da siminti kaɗan-kaɗan, ana ƙwanƙwasawa yana sauka, shi ma da tokari a ciki. Wanda ba a cike ba yana ƙara kamar garwa duk lokacin da aka rufe ƙofa, kuma yana loɓawa a wurin makulli. A nemi ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 zuwa sama, a shafa masa jan fentin tsatsa ciki da waje. A ba siminti kwana 2 zuwa 3 ana yayyafa ruwa kafin a rataya gambu.

Dalilin da ya sa muka ce kada a bar wa magini shi kaɗai: shi idonsa na kan bango. Zai bi fuskar filasta da firam don aikinsa ya fito sumul, ko da bangon ya ɗan jirkice. Sannan yakan cire sandar ƙasa don baro ya wuce. Ba rashin iya aiki ba ne, ba shi zai rataya gambun ba ne, don haka ba shi zai sha wahalar milimita 5 ɗin da ta ɓace ba.

Hinji da makulli

Ratar da ake bari tsakanin gambu da firam milimita 3 ce a sama da gefe biyu. Katin ATM huɗu a haɗe sun kai wajen haka, ga mai son gwadawa. In gambun katako ne zalla kuma da hunturu ake ratayawa, a ƙara zuwa 4 ko 5 a gefen makulli don kumburin damina; in da damina ne, a matse zuwa 2. A ƙasa milimita 8 zuwa 10 daga saman tayil, a ƙara kaurin kafet in za a shimfiɗa. Na bayan gida a bar 15 zuwa 20, ruwa ya wuce, iska ta shiga. Gefen makulli kuma ana ɗan fere shi a karkace, digiri 2 ko 3, don kada kusurwar baya ta kama firam lokacin rufewa. Kafintoci tsofaffin hannu suna yin wannan ba tare da an gaya musu ba.

Hinji uku, masu inci 4. Na sama inci 6 daga saman gambu, na ƙasa inci 9 daga gindi, na uku a tsakiya, ko kuma in gambun mai nauyi ne a matso da shi kusa da na sama, domin na saman ne nauyi ke fizga. Hinji biyu a gambun maɗaci ganganci ne. A sassaƙa wa kowane hinji gurbi da cizal, daidai kaurin ganyensa, a gambu da kuma firam. In gurbin ya yi zurfi, ƙofa za ta riƙa turjewa tana dawowa kafin ta rufe, tana jan sukuru. Gyaransa a sa ɗan kwali a ƙarƙashin hinjin. In bai kai ba, rata za ta buɗe ta gefen hinji, gefen makulli ya cije.

Babban aibin kafintocin unguwa, kuma dole a faɗa, shi ne buga sukuru da guduma. Ana yi don sauri, musamman in babu wuta kuma injin ba na batir ba ne. Sukurun da aka buga ya yaga zaren katako, riƙonsa bai fi na ƙusa ba, bayan ƴan watanni hinjin sama ya saki, ƙofa ta sunkuya ta fara zana rabin da'ira a kan tayil. Daidai shi ne a fara huda siririn rami, milimita 2 zuwa 3, a murɗa sukuru mai tsawon milimita 30 zuwa 35, a cike dukan ramukan hinji, ba biyu daga cikin huɗu ba. Baƙin sukurun silin da wasu ke amfani da shi yana karyewa a katako mai tauri. In rami ya riga ya lalace, a cusa tsinken ashana da farin gam, a bari ya bushe, a sake hudawa.

Hannun ƙofa yana zama wajen mita 1 daga ƙasa, kuma ya zama tsayi ɗaya a dukan ƙofofin gida, domin a baranda mai ƙofa huɗu ido na kama bambancin. Ramin makulli a jera huda da injin sannan a share da cizal, kada ya fi jikin makullin faɗi sosai. Gambu mai kaurin milimita 40 in an ci cikinsa da yawa, fatar da ta rage turi ɗaya ce. Ƙarfen da harshen makulli ke shiga kuwa a ƙarshe ake sa shi: a shafa alli ko janbaki a kan harshen, a rufe ƙofa, inda ya yi alama nan ne gurbin. Makulli mai nauyi a hannu, mai silinda ta tagulla, ya fi mai walƙiya mara nauyi wanda hannunsa ke saki ya rataye. Na bayan gida da ɗakin yara a sa irin wanda ake murɗawa ta ciki kuma ake iya buɗewa ta waje da bakin sukundireba. Sakata ta ciki kaɗai, ranar da yaro ya kulle kansa ko tsohuwa ta zame a bayan gida, sai an ɓalle ƙofa.

Ɓangaren da ƙofa za ta buɗe ma shawara ce da ake yankewa da matan gida, ba da mai aiki kaɗai ba. Ta buɗe ta jingina da bango mafi kusa, kada ta rufe makunnin wuta, kuma in an buɗe ta rabi kada wanda ke falo ko baranda ya hango gado. Ƙofofin kwali da yawa suna da dama da hagu, ba a juya su, don haka a san wannan kafin a biya kuɗi.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne fentin saman gambu da gindinsa. Gambu fuska shida gare shi, mai fenti huɗu yake gani. Ta gindin da ba a shafa ba ruwan mofa ke shiga, fatar filawud ta fara ɓarewa daga ƙasa. Duk inda aka fere ko aka yanke, a goge da samfefa a shafa fenti ko folish kafin a rataya, domin bayan an rataya babu mai sake kwancewa.

Yarjejeniya da karɓar aiki

Jinga ake yi, kowace ƙofa da kuɗinta. A rarrabe tun farko: kafa firam, rataya gambu, sa makulli, gefen ado, da gyaran filastar da aka sassaƙa, wanne ke ciki wanne ke waje, kuma wa zai sayi hinji, sukuru, fisha da kumfa. In aka bar wa mai aiki sayen hinji daga cikin kuɗin hannunsa, mafi arha zai ɗauko, kuma ba za a ga laifinsa ba. Maigida ya saya da kansa. Yaran shago sukan ce sawa kyauta ce. Kuɗin na cikin farashin ƙofar, kuma da yake yawan ƙofofin da suka sa a yini shi ne ribarsu, sauri suke yi. Sun ƙware a ƙofar da suka saba da ita, suna da injin batir, aikinsu da tsabta. Inda suke tsayawa shi ne in bango ya karkace ko rami bai dace ba, domin ba su saba fere ko sassaƙa ba, sai su tura firam ya bi bango. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, kuma a riƙe wani abu sai an gwada kowace ƙofa.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe ƙofa rabi a sake ta: ta tsaya inda aka bar ta. In ta tafi da kanta, buɗewa ko rufewa, ƙafar hinji ba a miƙe take ba. A tura ta da yatsa ɗaya, harshen makulli ya faɗa gurbinsa ba tare da an ɗaga hannu ko an sa kafaɗa ba. A rufe a girgiza: kada ta yi kwaram-kwaram. A murɗa mabuɗi sau biyu ƙofa a buɗe, sau biyu a rufe. In ya yi tauri a rufe kaɗai, gurbin ne bai daidaita ba. A shiga ɗaki a rufe da rana a dubi layin haske, ya zama kauri ɗaya daga sama har ƙasa. A ɗaga gambun ta wajen hannu a ji ko hinji na motsi. In aka sami matsala mai aiki ya ce, "Alhaji, bari shi sha iska, zai zamna," amsar ita ce, "To Malam, cikon kuɗin ma bari shi sha iska." Ƙofar da ta cije ranar farko ba ta gyara kanta.

A sa ɗan robar tare ƙofa a ƙasa ko a bango, domin iskar farkon damina in ta ratsa gida tana buga ƙofa da ƙarfin da ke tsaga filastar gefen firam, hannun kuma ya huda bango. Hinji in ya fara kuka, ɗigon man keken ɗinki ya isa. Cikin silindar makulli kuwa kada a zuba mai ko kaɗan, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama laka. A goga bakin fensir a jikin mabuɗi, a zura a fitar sau uku ko huɗu.